Likita ya ce sai na sauke kilo 10 kafin ya yi min aikin rage tumbi, wata kuma ta ce in zo kawai

Maman_Biyu_Garwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Don Allah wanda ba shi da abin faɗi sai "ki rage ci" ya yi haƙuri ya wuce, na ji wannan har na ƙoshi. Shekaruna 39, tsawona mita 1.62, nauyina kilo 128. Ina da ciwon suga da hawan jini, gwiwoyi kuma sun kai ni ga yin sallah a kujera. Likitan da ke duba ni a nan Garwa shi ya fara kawo maganar aikin rage tumbi, ya haɗa ni da wani likitan tiyata a Tunis, muka yi magana ta bidiyo. Mutumin ya ce ba zai sa min rana ba sai na sauke kilo 10, sai suga ya daidaita, sai an zura min kyamara an duba cikina, sai na yi wata shida ina ganin mai tsara abinci. Ana cikin haka wata mata da ke tallar wani asibiti na Istanbul a Facebook ta ce in turo hoton fasfo da kafin alƙalami, cikin mako uku an gama, har da otel da mota da tafinta, kuɗin ma ya fi sauƙi. Tambayata ita ce, da zan iya sauke kilo 10 da kaina me zai kai ni ƙarƙashin wuƙa? Ba dabarar korata ya ɗauko ba kuwa? Wanne zan bi?

Ɗan_Domayo:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya Hajiya. Ni dai wanda ya kafa miki sharaɗi ya fi kwanta min a rai. Mai son kuɗinki kaɗai ba ya tambayar sugarki.

Hajiya_Baladji:
Ƙanwata, ni an yi min, kuma a Tunis ɗin. Siliv aka yi min, wato an yanke kusan kashi uku cikin huɗu na tumbin an fitar, saura ɗan siriri. Ni ma an kafa min sharaɗi, na yi fushi, na ce wa maigida mutumin nan raina min hankali yake yi. Abin da ya taimake ni ba wani abu ba ne illa barin shayi mai sukari da lemon kwalba da makala da safe. Tuwo ban bari ba, malmala ɗaya na koma ci maimakon biyu, na yawaita miyar. Nauyin da aka nema ya sauka kafin lokacin da aka ɗiba. Ki sani sauke kilo 10 ba shi ne wuyar ba, mu masu jiki duk mun sha sauke shi. Riƙe shi a ƙasa shekara da shekaru shi ne ya gagare mu, aikin kuma don wannan ake yinsa.

Maman_Biyu_Garwa:
Na gode Anti. To idan na sauke ɗin ba zai ce ai kin fita daga sahun masu buƙata ba?

Nas_Yelwa:
Yaya, bari in yi miki lissafin. Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo, shi ne ma'aunin ƙiba da likitocinmu ke rubutawa IMC a karne, wato katin asibiti. 1.62 sau 1.62 ya ba da 2.62, ki raba 128 da shi, kin kusa 49. Ko kin sauke goman kina kan 45. Tsohuwar ƙa'idar cancantar aikin da aka kafa a Amurka a 1991 ita ce 40 zuwa sama, ko 35 idan akwai ciwo irin suga ko hawan jini. Kin yi nisa da bakin iyakar, kada wannan ya hana ki barci.

Dalilin sharaɗin kuwa hanta ce. Ɓangaren hagu na hanta yana kwance ne a kan tumbi daidai inda likita zai yi aiki. Aikin nan ba farke ciki ake yi ba, ƙananan ƙofofi ake hudawa a sa kyamara da dogayen ƙarafa, sai an ɗaga hantar sama kafin a ga wurin. Mai ƙiba sosai hantarsa na tara kitse ta kumbura ta yi nauyi, tana iya tsagewa ta yi jini wajen ɗagawa. Da an rage ci, musamman sukari da su tuwo da shinkafa, hanta ce ke fara saɓewa tun kafin a ga canji a jiki. Shi ya sa kusan ko'ina ake sa mutum tsauraran abinci na mako biyu zuwa huɗu dab da aikin.

Alhaji_Kilishi:
Ikon Allah. Yanzu mutum da lafiyarsa zai biya miliyoyi a yanke masa ciki? Iyayenmu da suka yi ƙiba wa ya yanka su? Wannan ai canza halittar Allah ne.

Maman_Biyu_Garwa:
Alhaji, da lafiyarsa ka ce? Ka sake karanta abin da na rubuta a sama.

Malam_Na_Kusiri:
Alhaji, a yi hattara da saurin hukunci. Abin da malamai suka yi magana a kansa shi ne taɓa jiki don ado kawai. Wanda ciwo ya kama, likita amintacce ya ce ga magani, wannan neman magani ne, kuma an umarce mu da neman magani. Baiwar Allah nan ta ce ba ta iya sujada a ƙasa. Sai dai ina tunatar da mu duka hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito na kasa ciki uku, ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi. Kai ma mai kilishi ya shafe ka.

Alhaji_Kilishi:
Na ji Malam. Amma ni dai da matata ce ba zan sa hannu ba.

Lokotoro_Njamena:
Ina so in ɗan gyara wa Nas_Yelwa magana, ko in ce in raba abu biyu da aka haɗa. Abincin saɓar da hanta na 'yan makonni kafin aiki, babu jayayya a kansa. Amma cewa dole sai mutum ya sauke kilo kaza, in ba haka ba a hana shi aiki, wannan likitoci ba su haɗu a kai ba. A Amurka kamfanonin inshora ne suka fi kafa irin wannan sharaɗi, kuma ƙungiyar likitocin wannan tiyata ta can, ASMBS, ta fito ta ce babu ƙwaƙƙwarar hujjar da ke goyon bayansa, jinkiri kawai yake jawowa har wasu su gaji su bari. A 2022 ita da ƙungiyar duniya, IFSO, sun ma sassauta ƙa'idar: 35 zuwa sama ko babu wani ciwo, 30 zuwa sama idan akwai suga irin na manya da ya ƙi jin magani.

Wata shidan kuma daga tsarin Faransa ya zo. Hukumar lafiyarsu, HAS, tun 2009 ta ce a yi wata shida zuwa shekara ana bin mutum kafin a yanke shawara, likitoci da yawa a Tunis kuma can suka yi karatu. Ita wannan hukumar ta rubuta cewa sauke nauyi kafin aiki ba ya hana aikin ko da mutum ya faɗo ƙasa da iyaka, mafi girman nauyin da aka taɓa rubuta masa ake dubawa. Wannan ya amsa tsoron Maman_Biyu.

Shawarata ki koma ki tambaye shi kai tsaye: idan na sauke shida ko bakwai, suga ya yi kyau, za ka yi ko ba za ka yi ba? Amsarsa za ta nuna miki ko lamba yake bi ko mutum.

Nas_Yelwa:
Haka ne Dakta, na gode. Amma ka yarda da ni wata shidan nan ba ɓata lokaci ba ne a wajenmu. A cikinsa ake gano mai ƙarancin jini, da mai ƙwayar cutar tumbi Helikobakta wadda ta yi yawa a nan kuma dole a kashe ta kafin aiki, da mai minsharin da numfashi ke ɗaukewa a barci.

Lokotoro_Njamena:
Na yarda ɗari bisa ɗari. Gwaje-gwajen ba a tsallake su. Lambar 10 ɗin kawai na ce ba wahayi ba ce.

Ummu_Sabongari:
Ni fa a Istanbul aka yi min, kuma alhamdu lillahi lafiyata ƙalau, na bar allurar insulin. Kada a mai da shi kamar duk wanda ya je Turkiyya ya je mahallaka. Akwai manyan likitoci a can. Abin da na yi shi ne na ƙi biyan ko sisi sai da na yi magana da likitan da kansa, na ga fuskarsa, na san cikakken sunansa, ɗana ya bincika a intanet ya ga inda ya yi karatu da asibitin da yake aiki. Dillaliyar farko da ta ƙi ba ni sunan likita, tana ta cewa "tawagarmu, tawagarmu", na toshe lambarta.

Ɗan_Domayo:
To Maman_Biyu, ita taki matar ta faɗa miki sunan likitan?

Maman_Biyu_Garwa:
Ba ta faɗa ba. Ta ce sai na isa za a ga wanda ke da sarari ranar. Ta turo min hotunan mata kafin da bayan aiki dai da yawa.

Ummu_Sabongari:
Tab. To ki riƙe kuɗinki.

Baban_Yara_Kusiri:
Zan ba da labarin ƙanwata don wani ya amfana, ba zan kama sunan asibiti ko ƙasa ba. An yi mata aikin ta hanyar dillali, aka sallame ta da wuri, ta hau jirgi ta sauka Njamena muka tsallako gada da ita gida. Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe ta, zuciya na bugawa da sauri, kafaɗar hagu na ciwo. Mu duk mun ɗauka maleriya ce, har an sa mata ruwa da maganin maleriya. Ashe ɗinkin tumbin ne ke yoyo. Muka kira dillalin, waya a kashe. Babu takarda ko ɗaya da ta bayyana abin da aka yi mata, sai rasit da wata takarda da ba mai iya karanta harshenta. Likitan da ya karɓe ta a nan ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa, daga baya aka wuce da ita kudu. Ta rayu, amma abin da muka kashe a jinya ya ninka kuɗin aikin, har fili muka sayar.

Abin da nake so ki tambayi kowane likita, na Tunis ne ko na ina: idan na dawo Garwa abu ya faru da tsakar dare, wa zan kira, kuma wane likita ne a Kamaru ka san shi ya san ka da zai karɓe ni? Idan ya yi shiru, kin samu amsa.

Hajiya_Baladji:
Innalillahi. Allah ya ƙara mata lafiya. Wannan maganar ta maleriya a kula da ita sosai, don mu nan kowane zazzaɓi maleriya muke ce masa.

Lokotoro_Njamena:
Abin da Baban_Yara ya lissafa su ne alamomin yoyon ɗinki kamar yadda suke a littafi: bugun zuciya ya haura 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki ko kafaɗar hagu, numfashi sama-sama. Yawanci a kwanakin farko zuwa makonnin farko yake fitowa. Ba ya faruwa da yawa, amma ko a hannun gwani yana faruwa, bambancin shi ne wa ya gano da wuri. Don haka ki tambaya: aiki nawa irin wannan yake yi a shekara, nawa ne suka samu yoyo a hannunsa kuma yaya ya yi da su. Wanda ya ce bai taɓa samun matsala ba, ko sabo ne ko ba ya faɗin gaskiya. Asibitin yana da ɗakin kulawa ta musamman da sikana da ke aiki dare da rana? Kwana nawa za ki zauna a garin kafin ki hau jirgi, don doguwar tafiya a zaune bayan tiyata tana jawo daskarewar jini a ƙafa, kuma za a ba ki allurar tsinka jini ki taho da ita? Kada ki baro su sai da cikakken rahoton tiyata da Faransanci. Nan Tunis ta fi sauƙi a gare mu, don likitanki na Garwa zai karanta rahoton ya kuma ɗaga waya su fahimci juna. Sunan likitan kuma ana iya tabbatar da shi a majalisar likitocin ƙasarsa, kamar yadda kuke da ONMC a Kamaru.

Amarya_Fitowa:
Ku gafarce ni zan ɗan kauce. Abin dariya abin kuka, wasu na neman miliyoyi su rage, mu kuma nan ana ɗura wa 'yan mata sha ka fashe kafin biki wai kada dangin miji su ce ba a ba ta abinci a gidansu. Ni kaina da goggona ta fara ba ni na zaci bitamin ne.

Nas_Yelwa:
Ba ki kauce ba ƙanwata, kin taɓo inda ke ciwo. Yawancin waɗannan ƙwayoyi deksametazon ne ko a haɗa shi da maganin buɗe ciki. Yana kumbura fuska da ciki, yana tayar da suga da hawan jini, yana hana rauni warkewa. Duk wadda ta sha shi ta daɗe, ko tana shafa man bilicin mai irin wannan sinadari, dole ta faɗa wa likitan tiyata da mai ba da allurar barci. Kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali likita ke janye shi, yankewa kwatsam na iya kayar da mutum. Kunya ba ta da wuri a nan.

Alhaji_Kilishi:
Mu maza ake ɗora wa laifi, alhali mata ne ke yi wa junansu gori.

Amarya_Fitowa:
Alhaji, wa ke cewa "ina son mace mai cika ido"? Mu bar maganar kawai.

Maman_Biyu_Garwa:
Ni ban taɓa sha ba, tawa ƙibar bayan haihuwar tagwaye ta zo ta zauna. Mu dawo kan kilo goman. Na yanke shawara daga gobe zan bar abincin dare da na safe gaba ɗaya, sau ɗaya zan riƙa ci, in gama da shi cikin wata biyu. Wata maƙwabciyata kuma ta ce akwai mai kawo allurar Ozempic, ta suga da ake rage ƙiba da ita, daga Dubai.

Lokotoro_Njamena:
Tsaya Hajiya. Wane maganin suga kike sha?

Maman_Biyu_Garwa:
Metformin da glibenclamide.

Lokotoro_Njamena:
To kada ki fara wannan gobe. Glibenclamide yana saukar da suga ko kin ci ko ba ki ci ba. Ki sha shi ki ƙi cin abinci, za a iya tsintarki a sume. Ki fara zuwa wajen likitanki ya gyara maganin daidai da sabon cin, ki riƙa gwada suga a gida. Maganin hawan jinin ma wataƙila sai an rage yayin da nauyi ke sauka. Kilo 10 a wata shida bai kai kilo biyu a wata ba, ba ya buƙatar yunwa.

Allurar kuma magani ce ta gaske, wasu likitocin ma suna ba da ita kafin aiki, amma ta hannun likita da farmasi. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. Idan ta shiga can, ki yi tunanin wadda aka ɗauko a jaka ba sanyi ta sauka a zafin Garwa. Idan kuma kin fara ta, mai allurar barci dole ya sani, don tana sa abinci ya daɗe a tumbi.

Hajiya_Baladji:
Ki ji maganar Dakta. Ga abin da ke gabanki a kasuwa: kifin Binuwai gasasshe ba soyayye ba, ƙwai dafaffe, wake, kindirmo ba sukari, miyar kuka da kuɓewa da zogale a rage mai. Zoɓo ki yi naki a gida ba sukari. Kunun gyada da dakkere da fura su ne ɓarayin, mutum na sha yana ganin ai ba abinci ya ci ba. Kuma ki fara koyon tauna a hankali da raba ci da shan ruwa tun yanzu, don bayan aiki ba zaɓi ba ne.

Wani abu da ba wanda ya faɗa min: lokacin da za a sa ranar. Bayan aiki ba a kwankwaɗar ruwa, kurɓa ake yi kaɗan-kaɗan, ga shi ana so ki sha lita ɗaya da rabi a yini. Mu a Ngaundare da sauƙi. Ke da ke Garwa, inda Maris da Afrilu zafi ke wuce 40, ki roƙa a sa miki lokacin sanyi, kuma nesa da azumi.

Malam_Na_Kusiri:
Batun azumi, mara lafiya yana da rangwame a cikin Suratul Baƙara, ya sha ya rama idan ya samu sauƙi. Likita ne zai faɗi lokacin da jiki zai iya, ba maƙwabta ba.

Ummu_Sabongari:
A ƙara mata da bitamin. Har abada ne fa, B12 da ƙarfen jini da kalsiyam da bitamin D, ga gwajin jini lokaci-lokaci. Ki sa kuɗinsu a lissafi tun yanzu. Gashi zai zube a watannin farko, ya dawo. Idan kina son ƙarin haihuwa sai an jira shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma ciki na saurin shiga da nauyi ya sauka, ki yi maganar da maigida tun kafin. Su diklofenak da ibuprofen da muke sha don gwiwa kamar gyaɗa, an hana ni su.

Ɗan_Domayo:
Tambaya daga gefe: siliv da baifas wanne ya fi? Yayana ma yana tunani.

Lokotoro_Njamena:
Ya danganta da mutum. Baifas, wato a ware ɗan ƙaramin tumbi a haɗa shi kai tsaye da hanji, ya fi ƙarfi a kan suga kuma yana maganin ƙwannafi, amma ya fi jawo ƙarancin bitamin da jini, yana son bibiya sosai. Siliv ya fi sauƙin yi, sai dai yana iya tayar da ƙwannafi ko ya ƙara shi. Shi ya sa ake zura kyamarar tukuna. Wanda ya zaɓa wa yayanka aiki ta WhatsApp bai ga cikinsa ba, kaya yake sayarwa. Idan yana shan taba kuma ya bari aƙalla mako shida kafin.

Baban_Yara_Kusiri:
Ni har yanzu da za a bi tawa, a fara neman likitan tiyata a Yawunde ko Duwala a ji ta bakinsa kafin a tsallaka ko'ina. Ko ba shi zai yi ba, ya san da zamanki. Jirgin ƙasa daga Ngaundare kwana ɗaya ne.

Ummu_Sabongari:
Wannan gaskiya ne, amma wata shida ga mai suga da gwiwa ba kaɗan ba ne. Ni ba zan ga laifinta ba idan ta samu wani likitan kirki da zai yi a wata uku bayan an gama gwaje-gwaje.

Nas_Yelwa:
Anti Ummu, ƙibar shekara nawa ce? Wata shida ba zai ƙara mata komai ba in ana kula da sugar.

Maman_Biyu_Garwa:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na fasa shirin yunwar, ranar Litinin zan je a duba maganin. Na rubuta wa na Tunis tambayoyin Dakta da ta Baban_Yara, ita kuma matar na ce ta ba ni sunan likita da lambarsa, ta karanta ba ta amsa ba tukuna. Maganar Yawunde sai na shawarci maigida, don shi har yanzu ra'ayinsa ya fi kusa da na Alhaji_Kilishi. Anti Baladji, kilishi yana cikin abin da zan iya ci a wata shidan nan ko shi ma ya tafi?

Hajiya_Baladji:
Kaɗan, saboda gishiri da ƙuli, ga ki da hawan jini. Bayan aiki kuwa ki manta da shi na wasu watanni, busasshen nama ba ya wucewa.

Alhaji_Kilishi:
Kun gani ko, har kasuwata aikin nan zai taɓa. Ki turo maigidan naki mu yi magana.